Jegon Rukayya a Shekarar da Aka Ɗauke Sabis

Duk inda mutanen Funtua suka zauna aka taɓo shekarar da gwamnati ta ɗauke sabis ɗin waya saboda 'yan bindiga, kowa da nasa labarin. Wani yana cikin mota, wani yana gona, wani sau biyu yana kai wayarsa wajen mai gyara kafin ya ji a rediyo cewa ba laifin wayar ba ne. Ana bayarwa ana dariya. In aka tambaye ni nakan ce ina sito, in ja bakina. Gaskiya ne, ina sito. Sauran labarin ne ban taɓa bayarwa ba, shi zan rubuta yau saboda masu 'ya'ya mata da za su zo wankan gida.

Sana'ata hatsi. Da kwanon awo na fara a ƙofar gida bayan rasuwar maigidana, yau ina loda wa masu kaji na Kudu masara da waken suya. In na tauna ƙwayar masara ɗaya na san ko ta bushe ko da sauran danshi. Ba yabon kai nake ba. So nake a san cewa wadda ta yi kuskuren da zan faɗa ba sakarya ba ce.

Rukayya 'yata ce ta fari. Mu a gidanmu ana kunyar ɗan fari sosai. Ba na faɗin sunanta, ba na zama kusa da ita a gaban mutane, in ta yi ciwo ba ni ke tambaya ba. Tun da aka yaye ta, yayar maigidana, Goggo Tabawa, ta ɗauke ta, ita ta raine ta har ta aurar. Yarinyar ta tashi tana ce mini Yaya, ni kuma in ce mata "ke", ko "'yar Goggo". Da cikinta na fari ya tsufa, mijinta Sagir, da ke sana'a a Ikko, ya kawo ta gidana. Goggo ta tattaro kayanta ta tare a wajenmu don wankan jego.

Ta haihu a asibiti a nan Funtua, damina na ƙarewa, ta sami ɗa namiji. Nas ɗin da ta karɓi haihuwar, Sista Binta, ta ja ni gefe ta ce jinin yarinyar ya ɗan hau, a sa mata ido. Ta ba ni lambarta, ta ce za ta tafi hutu garinsu Matazu, amma in na ga wani abu in aiko mata.

Satin farko komai lafiya. Aka yi suna, yaro ya ci sunan maigidana, Sagir ya koma Ikko. Ni kuwa abin da kunya ta hana ni yi da baki sai na yi shi da kaya. Na sa aka sauke itace mota guda. Na sa aka kawo jar kanwa, na duba na ce wannan ba ta yi ba, a canzo mai ƙarfi. Safe da yamma Goggo na tafasa ruwa a garwa, ta tsoma ganyen bedi tana fyaɗa mata har tururi ya rufe bayan gida. Ta fito a ba ta kunun kanwa kwano guda, da gasasshen nama da yaji. Ɗaki kuma kullum da garwashi. Haka aka yi mini, haka aka yi wa uwata.

A sati na biyu na lura takalminta ba ya shiga. Na kuma ji tana tari in ta kwanta. Ban ce komai a gida ba, don kada a ce Hajiya ta rasa kunya tana rawar ƙafa a kan 'yar fari. Sai da na je sito, na shiga tsakanin buhuna inda ba mai jina, na yi wa Sista Binta saƙon murya: ƙafafu sun ɗan tasa, ga tari, ko akwai damuwa? Saƙon ya tafi. Na ajiye wannan wayar, na ɗauki ta kasuwa, na kira wani abokin cinikina na Ibadan. Muna tsakiyar ja-in-ja a kan farashi sai na ji ɗif. Na ɗauka ya kashe ne don in sauko. Na ce a raina, za ka neme ni. Ashe a wannan lokacin aka rufe mu gaba ɗaya, mu da Bakori da Malumfashi da sauran garuruwa.

To, ga inda nake ranar.

Amsar Sista ba ta zo ba, ni kuma na ɗauki shiru a matsayin lafiya. Asibiti ba shi da nisa da gidana, mota ma ba sai ta yi zafi ba. Amma maijego ba ta fita kafin arba'in sai da babban dalili, kuma wanka a hannun Goggo yake. Wani abin da ya fi ci mini rai shi ne, sau uku ina ba direban babbar mota wayar kasuwa ya tafi da ita Zariya ya karɓo mini saƙonnin masu saye. Wayar da na yi wa Sista magana da ita tana cikin jakata, ban taɓa tunanin haɗawa da ita ba.

A sati na uku na dawo da la'asar na leƙa ɗakin. Na tarar da ita zaune ta jingina da bango, an tara mata matasai a baya, tana numfashi sama-sama.

"Yaya, yau masara ta sake ki da wuri," in ji ta.

"Ke, ba wajenki na zo ba. Wajen angona na zo. Ina yake?"

"Ga shi nan, ya ce ba ya son tsohuwa mai ƙurar hatsi."

Ta yi dariya, dariyar ta zama tari, tarin ya ƙi tsayawa. Na dubi Goggo na ce, "Goggo, anya kumburin nan?"

"Sanyi ne ya shige ta," in ji Goggo. "'Yan zamani ba sa son wuta. Da na juya baya sai ta sirka ruwan. Tara na haifa, Hajiya, wanne ne ban yi wa wanka ba? Je ki ji da buhunanki, ki bar mini 'yata."

Masu zuwa barka kowa da tasa. Wata ta ce wankan ne bai ratsa ta ba. Wata ta kawo saƙe-saƙi a jiƙa. Wata ta ce a yi hayaƙi, wani malami ya aiko da rubutu. Abin da bakinsu ya haɗu a kai shi ne a ƙara wuta, a ƙara kanwa. Aka ƙara. Ni na aika aka ƙaro.

Ranar da ta cika kwana ashirin da biyar, da safe ina shirin fita, na ji Goggo ta ƙwala salati a bayan gida. Na tarar da Rukayya a durƙushe cikin tururi, ta dafa ƙasa, tana tari tana fitar da kumfa mai ja-ja. Ban san lokacin da na sungume ta ba. Rabon da in riƙe jikinta tun tana goye.

Ƙanena Alhaji Sani ya kai mu asibiti. Layi har waje, amma da mai ba da kati ya ga yadda take, sai ya tsallake da mu, Allah Ya saka masa. Ya ce, "Sunan marar lafiya?" Na juya neman Goggo, ba ta kusa. Na ce, "Rukayya." Bakina ya yi mini wani iri. Likita ya danna ƙwaurinta da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Ya sa abin sauraro a bayanta, ya tambayi me take sha, na faɗa. Bai yi faɗa ba. Ya yi mata allura, ya ce ruwa ya taru a huhunta, mu wuce babban asibiti a Zariya yanzu, kada mu koma gida.

Man fetur a lokacin ƙayyade shi ake yi, sai da Alhaji Sani ya zuƙo daga wata motar. Shingen jami'an tsaro kuwa ban san nawa muka wuce ba. Goggo na baya da jariri a cinya, kan Rukayya a kafaɗata. Da muka kusa Zariya sai wayoyin motar suka ɗauki ƙara gaba ɗaya, kamar an buɗe akurkin kaji. Na ciro tawa. Saƙo uku daga Sista Binta. Na danna na farko, ban rage murya ba, kowa ya ji:

"Hajiya, na ji saƙonki. Don Allah kada a jira. A dakatar da kanwa da wankan nan, a kai ta asibiti yau ɗin nan, ko ba na nan. Kumburi da tari ga maijegon da jininta ya hau ba abin wasa ba ne."

Ranar da na aika ta amsa. Na biyun cewa take, "Hajiya, kun je kuwa?" Na ukun, "Hajiya, shiru." Haka muka shiga ƙofar asibiti.

Sati biyu da 'yan kwanaki muka yi a can. Ba a barin jariri a ɗakin, don haka Goggo ta koma Funtua da shi ana ba shi madara, jinya ta dawo hannuna. Zan faɗi alheri, zan faɗi akasinsa. Kwana uku muna bin layin hoton zuciya, yau a ce ba wuta, gobe a ce mai yi ya fita. Rana ɗaya iskar da ake sa mata a hanci ta ƙare, na yi ta zarya daga wannan ofis zuwa wancan, ita tana can tana haki. Wata nas ta daka mini tsawa a gaban mutane, ta ce mu ne masu dafa 'ya'yanmu sannan mu kawo musu. Na haɗiye, don ban ga inda ta yi ƙarya ba. Magani kuwa kusan duka a waje ake saye, kowace rana sai ta ci abin da ya kai buhun masara. Wannan bai dame ni ba. Waɗanda na gani a barandar nan ba su da buhun su ne abin tausayi.

Amma akwai wata baiwar Allah 'yar Giwa da ke jinyar uwarta a gadon kusa, ita ke riƙe mini Rukayya in na fita, ruwan zafinta namu ne. Akwai kuma likitar zuciya, yarinya ce ƙarama, ba ta girmi Rukayya da yawa ba. Ita ta zaunar da ni ta nuna mini hoton. Ta ce, "Hajiya, zuciyarta ta buɗe, ta yi laushi. Yakan faru ga wasu mata bayan haihuwa, ko ba su sha komai ba. Amma ki ɗauka jaki ne ya gaji a hanya. Kanwa da gishiri da zafin nan kaya ne ake ƙara masa." Wannan maganar ta zauna mini, don na san jaki, na san kaya.

Aka ba ta ƙwayar da ke sa fitsari. Ni ke tara shi a roba in auna in faɗa wa nas. Ni ke goge mata jiki, ni ke ba ta abinci ba gishiri tana yamutsa fuska. Kumburin ya fara saɓewa. Wata rana ina tsefe mata kai ta ce, "Yaya, ashe hannunki da laushi. Na ɗauka igiyar buhu kawai ya iya."

"Ki yi mini shiru ko in ja."

"Ja mana. In gaya wa Goggo."

Can ta ce, "Da ina ƙarama, in kin zo gidan Goggo nakan laɓe a bayan ƙyaure in ga ko za ki tambaye ni."

Na ce, "Ai ina ganin ƙafarki."

Iyakar abin da na iya faɗa ke nan. Na ci gaba da tsifa.

Sagir ya zo daga Ikko ya yi kwana huɗu. Tsakanina da shi gaisuwa ce daga nesa, ya durƙusa yana kallon ƙasa, ni ina kallon bango, kamar yadda aka saba da suruki. Da ya ga ta fara takawa har baranda, ya koma bakin sana'arsa.

Ranar sallama likitar ta ce da so samu ne mu zauna a Zariya na ɗan lokaci, tunda garinmu ba waya. Ina da 'yan'uwa a can, masauki ba matsala ba ne. Rukayya ta sa kuka. "Yaya, yaron nan zai manta da ni. Ko warina bai sani ba." Da na so, da na aika an kawo mata shi. Amma zan faɗi gaskiya tunda ita na zauna rubutawa: kaka ta kankama, sabuwar masara na shigowa, sama da sati biyu ban leƙa sito ba. Kukanta ya zo daidai da abin da raina ke so. Likitar ta rubuta mini lambarta, ta ce mu dawo bayan sati biyu, in an ga wani canji kafin nan a kira ta. Na karɓi takardar, ni da ita duk mun san ba inda zan kira ta.

A gida na tarar Goggo ta kife garwar wanka, ta ba da sauran itacen. Ita da kanta take yi wa Rukayya girki daban ba gishiri, ta ɗanɗana ta ce, "Wannan ko akuya ba ta ci, amma haka za ki ci shi." Arba'in ta riga ta wuce muna asibiti, sai aka yi 'yar sadaka. Rukayya na zama a tabarma da hantsi, yaro a cinya, tana yi masa waƙa. Muka saki jiki.

Kwana tara da dawowarmu ta ce mini ƙirjinta na yi mata fat-fat kamar an kama tsuntsu a ciki, sai ya lafa, sai ya dawo. Na duba ƙafa, ba kumburi. Na ce ranar komawarmu ta kusa, saura kwana biyar, ma faɗa wa likita. Washegari ta sake faɗa. Na ce to jibi mu tafi, in sallami wata mota tukuna.

Ba mu kai jibin ba. Da hantsi, ina yafa mayafi, ta miƙa wa Goggo yaron ta ce, "Riƙe shi, jiri nake ji." Ta kwanta a gefenta a kan tabarmar. Na zo na ɗaga kanta na sa a cinyata, ina kiran sunanta, ina ƙara kira. Goggo na yi mata kalmar shahada. Kafin Alhaji Sani ya juyo da mota ta cika.

Bayan la'asar aka kai ta. Da maza suka dawo, Goggo ta kama hannuna a tsakar gida, ta ce, "Hajiya, ni na kashe miki ita."

Na ce, "Goggo, wa ya sayo kanwar?"

Muka zauna a ƙasa mu biyu.

Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, ban ja da hukuncin Allah ba. Amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali, ni ban ɗaure nawa ba. Don haka ga abin da zan ce wa mata 'yan'uwana. Maijego in ƙafarta ta kumbura, in tana tari, in ba ta iya kwanciya sai a zaune, ba sanyi ba ne, kada a ƙara wuta. A kai ta asibiti ran nan, ko kwananta uku da haihuwa. In kin yi tambaya ba a amsa ba, taka ki je da ƙafarki. In likita ya ce ku zauna kusa, ku zauna, hatsi ba ya gudu. 'Yar fari kuma, ki ji kunyarta a gidan biki in kin ga dama. In tana kwance, shiga ki zauna ki taɓa ta.

Saura mijinta. Har aka kwana bai sani ba. Alhaji Sani ya ce zai je ya kira shi, na ce a'a, a hannuna ta rasu, ni zan faɗa. Akwai wani tudu a hanyar Danja inda sabis ɗin maƙwabta ke ɗan leƙowa, nan mutane ke zuwa. Da safe ya kai ni. Wurin cike kamar kasuwa, kowa ya ɗaga waya sama yana neman inda za ta kama. Wani na ihu a kan kuɗin mota, wata na dariya da 'yar'uwarta ta Kano. Wani da ya san ni ya ce, "Hajiya da kanta? Lallai masara za ta tashi!"

Na hau har inda ya fi tsayi na kira. Ban taɓa kiran yaron nan a waya ba. Ya ɗauka da sauri.

"Hajiya? Ina kwana, Hajiya. An tashi lafiya? Ya mai jiki? Dama ina nan tafe ranar Juma'a, na saya mata abin awon jinin nan da likita ta ce."

Na ce, "Sagir, sai haƙuri. Rukayya ta rasu jiya da hantsi."

"Hajiya, ban ji ba, yana yankewa. Rukayya ta me?"

Na matsa gaba, na sake faɗa.

"Hajiya, don Allah ɗaga murya, ƙara nake ji kawai."

Na rufe ido, na buɗe muryar da nake yi wa masu lodi magana da ita, na ce, "Rukayya ta rasu! An binne ta jiya!"

Na ga hannuwa suna saukowa da wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da ya yi mini ba'a ya cire hularsa, ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," sauran suka amsa. A cikin wayar kuma ba na jin komai sai hayaniyar motocin Ikko, da numfashinsa. Wannan karon ya ji.

Allah Ya jiƙan Rukayya, Ya sa jegon nan ya zama kaffara gare ta. Wanda ya karanta ya sa ta a addu'a, ni kuma ya roƙa mini gafara.